Wane gem zan kai wa matasana idan zancen zaman lafiya muke so mu yi?

Wannan rubutun na wanda ya riga ya yarda ne cewa wasan bidiyo zai iya yin aikin da lacca ta kasa, amma ya tsaya yana juya waya a hannu bai san wanne zai ɗauka ba. Ko malamin makaranta ne kai, ko mai jagorantar ƙungiyar matasa, ko ma'aikaciyar wata ƙungiyar sa-kai da aka ba ki awa biyu da ɗaki ɗaya da mutum ashirin aka ce ki yi musu zaman fahimtar juna. Sunaye biyar zan ɗauka, su ne aka fi ambata idan ana wannan zancen: PeaceMaker, This War of Mine, Bury Me My Love, Minecraft Education da Bad News. Duka ana kiransu wasannin kawo sauyi, tun 2004 ma akwai ƙungiya a Amurka mai suna Games for Change da ke tallata irinsu, amma wallahi ba aiki ɗaya suke yi ba, wanda ya gyara wani zama zai iya wargaza wani zaman gaba ɗaya.

Abin da nake aunawa da shi

Na farko kuɗi, kuma ba na sayen gem ɗin kaɗai ba har da na'urar da zai hau. Gem na kyauta da sai da kwamfuta ashirin ya fi tsada a kan gem na dala 20 da za a haska da majigi ɗaya kowa ya kalla.

Na biyu ɗorewa, wannan kam mutane na yawan mantawa da shi. Darfur is Dying na 2006 ya yi tashe sosai a lokacinsa, haka Against All Odds na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, dukansu a kan Flash aka gina su, wato manhajar da ke kunna wasanni a burauza, da kamfanin Adobe ya janye Flash a ƙarshen 2020 sai burauza ta daina buɗe su, duk wanda ya ɗora darasinsa a kansu ya wayi gari hannu rabbana. Akwai kuma wata irin tsufar daban, gem yana tashi lafiya lau amma duniyar da yake magana a kai ta riga ta canza.

Na uku sauƙi, wato minti nawa kafin wanda bai taɓa riƙe gem ba ya gane me ake so ya yi, kuma rubutu nawa zai karanta, don kar ka sa ran samun Hausa a cikinsu, ka shirya fassara da baki. Na huɗu haɗari: shin zai fama wa wani tsohon miki, ko zai raba ɗakin gida biyu? Na biyar shi ne ya fi nauyi a wurina, idan aka kashe na'ura wace magana ce ta rage a bakin mutane. Don ni ban yarda akwai gem da ke sulhunta kowa ba, abin da yake yi shi ne ya buɗe bakin da ya daɗe a rufe, sauran aikin naka ne da su.

PeaceMaker

Shi ne mafi kusa da abin da ake kira diflomasiyya. Ya fara ne a matsayin aikin ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Asi Burak wanda tsohon jami'in sojan Isra'ila ne da Eric Brown ba'amurke suka kafa kamfanin ImpactGames suka fitar da shi a 2007. Za ka zaɓa, ko firaministan Isra'ila ko shugaban Falasɗinawa, sai labarai su riƙa shigo maka da hotuna da bidiyo na gaske, hari a nan, zanga-zanga a can, kai kuma ka yanke hukunci: ka tura sojoji, ka yi jawabi, ka saki fursunoni, ka nemi tallafi daga waje. Abin da ya sa yake koyarwa shi ne ma'auni biyu ne a gabanka, ɗaya na yardar mutanenka ɗaya na yardar waɗanda ba naka ba, idan ka faranta wa mutanenka kaɗai ɗayan ma'aunin ya faɗi, idan ka sassauta da yawa mutanenka su juya maka baya su tsige ka. Kuma bai ɓoye cewa ƙarfin ɓangarorin ba ɗaya ba ne, wanda ya buga a matsayin shugaban Falasɗinawa zai ji yadda hannunsa yake a ɗaure, kusan komai sai ya roƙa. A ƙarshen 2007 cibiyar zaman lafiya ta Peres da ke Isra'ila ta raba kwafi 100,000 kyauta ga Isra'ilawa da Falasɗinawa, kuma yana da Larabci da Ibrananci da Turanci.

Kuɗi ba matsala ba ne, da ana sayar da shi daga baya aka mayar da shi kyauta, kwamfuta ɗaya da majigi sun isa, ɗaki ya riƙa jefa ƙuri'a a kan kowane mataki. Wurin ɗorewa ne ya raunana. Manhajar ta tsufa, dole ka gwada ta a na'urarka kwanaki kafin taro, sannan agogon cikinsa ya tsaya a wajajen 2007, kuma nasara ɗaya ya sani wato kafa ƙasashe biyu. Bayan abin da ya faru a Gaza tun Oktoban 2023, akwai wanda ba zai iya zama ya buga a matsayin firaministan Isra'ila ba ko na minti ɗaya, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Haɗarinsa ke nan, ka zo koyar da yadda shugaba ke shiga tsaka mai wuya sai zaman ya koma musun wa ke da gaskiya.

This War of Mine

Wannan ne ya fi duka taɓa ni, shi ne kuma na fi jin tsoron a kai shi inda bai dace ba.

Kamfanin 11 bit studios na ƙasar Poland ne ya fitar da shi a 2014, sun ɗauko tunanin daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake ba. Fararen hula ne biyu uku a cikin rusasshen gida, da rana ba a fita saboda maharba daga nesa, sai dai a haɗa murhu, a tace ruwan sama, a toshe ramukan bango, da dare mutum ɗaya ya fita neman abinci da magani sauran su yi gadi ko barci. Akwai wani gida a gem ɗin da za ka tarar da tsoho da matarsa su kaɗai, suna da abinci suna da magani, ba su da makami, ba abin da zai hana ka kwashewa sai roƙon da tsohon ke yi yana bin ka ɗaki ɗaki. Idan ka kwashe mutanenka za su ci su rayu, amma wanda ya yi satar zai dawo gida da baƙin ciki, sauran su ji labari su ma jikinsu ya mutu, wani ya daina aiki, idan abin ya yi tsanani har ya kai ga kashe kansa. Gem ɗin bai ce maka ka yi laifi ba, ya bar ka da abin da ka aikata ne kawai.

A ma'auni na biyar babu wanda ya kama ƙafarsa. Ka haska wannan gidan kaɗai ka tsayar ka tambayi ɗaki me za mu yi, za ka ga mutanen da ba sa magana sun fara magana, wani ya ce yunwa ba ta san kunya ba, wata ta ce to idan iyayenka ne fa. Gwamnatin Poland ta ga wannan ƙimar, a 2020 ta sanar da sa shi cikin jerin karatun zaɓi na ɗaliban da suka kai shekara 18.

Farashinsa a Steam, kasuwar gem ta intanet, wajen dala 20 ne kuma ana yawan yi masa ragi mai yawa, akwai na waya ma tun 2015, idan ka sauke shi ba ya neman intanet. Ɗorewa yana da ita ta ɓangare biyu, kamfanin na raye, sannan birnin da ke ciki ƙirƙirarre ne don haka labarin bai tsufa. Sauƙi matsakaici ne, sai an ɗan koyi haɗa kaya, kuma buga shi har zuwa tsagaita wuta aikin awanni da yawa ne, ba na zama ɗaya ba.

Haɗarin fa babba ne. Na 'yan shekara 18 zuwa sama ne a ma'aunin Turai, wannan ba shawara ba ce ta wasa. Abin da ya fi wannan, gem ɗin an yi shi ne don wanda bai san yaƙi ba ya ɗanɗana, to idan a ɗakinka akwai wanda ya kwana a ɓoye yana jin harbi, ko wadda ta bar tsohuwarta a baya ta gudu, me za ka koya musu? Sun fi wanda ya yi gem ɗin sani. Kai shi wurinsu ba tare da ka faɗa musu abin da ke ciki ba, kuma ba ka bar ƙofa a buɗe ga mai son fita ba, zalunci ne ko da niyyarka mai kyau ce.

Bury Me, My Love

Idan mutanenka sun iya WhatsApp sun iya wannan. Gaba ɗayansa hira ce ta waya tsakanin Nour da ta bar birnin Homs na Siriya tana neman isa Turai, da mijinta Majd da ya tsaya kula da tsofaffin gidansu, kai ne Majd. Tana turo saƙo, mai fasa-ƙwauri ya ce in ƙara kuɗi, in ba shi? Mota ta cika, in jira ta gobe? Kai ka ba da shawara, wani lokaci ta bi wani lokaci ta ƙi, sai ta yi shiru na awanni kana duba waya gabanka na faɗuwa. Kamfanin The Pixel Hunt na Faransa ne ya yi shi tare da Figs da tashar ARTE a 2017, sun gina shi a kan saƙonnin gaske na wata 'yar Siriya da jaridar Le Monde ta wallafa, kuma yana da ƙarshe iri 19. Sunan ma daga maganar Larabawan yankin ne, wato Allah ya sa kai za ka binne ni, kar in ga mutuwarka.

Kuɗinsa 'yan daloli ne, bai kai rabin na This War of Mine ba, kowace waya mai ɗan dama za ta ɗauka. Inda gizo ke saƙar shi ne karatu, rubutu ne daga farko har ƙarshe, wanda Turancinsa ko Faransancinsa bai yi ƙarfi ba zai gaji. Babu jini a allo amma wasu ƙarshen suna da ɗaci sosai, don haka gargaɗin da na yi a sama ya shafe shi ga duk wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa a hanyar hijira. Ya fi daɗi a ba kowa ya tafi da shi gida na kwanaki, a dawo a kwatanta, ni tawa Nour ta isa, ni tawa an tsare ta, me ka ce mata a wuri kaza.

Minecraft Education

Wannan daban yake da sauran, ba labari ake ba ka ba, fili ake ba ku ku gina. Tun 2012 UN-Habitat, hukumar tsara birane ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kamfanin Mojang da ya ƙirƙiro Minecraft suke da shirin Block by Block, ana zana unguwa ta gaske a cikin Minecraft, a tara mazauna wurin, yara da mata da tsofaffi, kowa ya gina yadda yake son filin ya zama, sannan a kai wa masu tsara gari. An fara da wani filin wasa a Kibera ta birnin Nairobi, an kuma yi a Mitrobica ta Kosobo, garin da kogi ya raba Sabiyawa da Albaniyawa. Abin da nake so a nan shi ne ba a ce wa kowa zo mu tattauna ƙiyayyarku ba, an ce ina za mu sa benci, ina za mu sa fitila, sai ga mutanen da ba sa gaisawa suna musu a kan benci, wannan musun kuwa shi ake nema. Ga masu son darasi shiryayye akwai Active Citizen da cibiyar zaman lafiya ta Nobel da ke Oslo ta fitar a 2022, yara na shiga labarin waɗanda suka ci lambar zaman lafiya ta Nobel irin su Malala Yousafzai da Wangari Maathai da Fridtjof Nansen.

Shi ne mafi tsada idan aka haɗa lissafi. Lasisi ne na shekara shekara a kan kowane mutum, wajen dala 5 ga makarantun da suka cancanta, ya fi haka ga waɗanda ba makaranta ba, kowa sai da asusun Microsoft, kuma kowa ko kowane mutum biyu sai da na'ura. Ɗorewa kuwa babu kamarsa tunda Microsoft ke riƙe da Minecraft tun 2014. Yara na kama shi cikin minti kaɗan, babba ne ke shan wahala, kuma jagoran zaman sai ya zauna ya koya sosai in ba haka ba awa biyu za ta ƙare ana ta rushe ginin juna. Haɗarin fama miki kusan babu. Haɗarinsa na alkawari ne, idan ka sa mutane suka zana filin da suke mafarki alhali babu kuɗi babu hukumar da za ta duba, ka koya musu cewa shawararsu ba ta zuwa ko'ina, gara ka faɗa tun farko cewa atisaye ne.

Bad News

Kyauta ne, a burauza yake, ba a sauke komai, minti 15 zuwa 20 an gama. Ƙungiyar DROG ta ƙasar Holan da masu bincike na jami'ar Cambridge, Sander van der Linden da Jon Roozenbeek, suka fitar da shi a 2018. Kai ne mai yaɗa ƙarya, kana tara mabiya kana koyon dabaru shida: sojan gona, tunzura zuciya, raba kan jama'a, ƙulla labarin makirci, ɓata sunan mai gaskiya, da tsokana. Tunanin kamar rigakafi ne, ka ɗanɗana dabarar da hannunka don ka gane ta ranar da aka turo maka. Binciken da suka wallafa a 2019 da mutum kusan 15,000 ya nuna bayan wasan mutane sun rage yarda da saƙonnin ƙarya, sai dai wasu masana da suka sake duba alƙaluman daga baya sun ce abin da ya ƙaru shi ne shakkar komai, har da labarin gaskiya. Ka riƙe wannan, bayan wasa ka kawo labarai na gaske da na ƙarya a cakuɗe a tantance tare.

Yana da ƙane mai suna Harmony Square na 2020 wanda ya fi mayar da hankali kan yadda ake haɗa maƙwabta faɗa a lokacin zaɓe, amma da hannun ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka yi shi, ka faɗa wa mutanenka wannan da bakinka kafin wani ya gano ya ce an shigo musu da farfaganda. Raunin dukansu biyun shi ne a shafin wani suke zaune, ranar da aka rufe shafin shi ke nan, kuma misalan cikinsu na siyasar Turai da Amurka ne.

| Gem | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| PeaceMaker | kyauta, kwamfuta ɗaya | rauni, ya tsufa | matsakaici | zai iya raba ɗaki |
| This War of Mine | wajen dala 20 | mai kyau | matsakaici, yana cin lokaci | babba, 18 zuwa sama |
| Bury Me, My Love | 'yan daloli | matsakaici | sauƙi, amma karatu da yawa | matsakaici |
| Minecraft Education | lasisi duk shekara da na'urori | mafi ƙarfi | sauƙi ga yara, wuya ga jagora | kaɗan |
| Bad News | kyauta, sai data | ya dogara da shafin | mafi sauƙi | kaɗan |

To wanne ke nan

Idan zama ɗaya gare ka, ba kuɗi, kuma abin da ke hura wutar rikici a tsakanin mutanenka jita-jita ce ta waya, ɗauki Bad News kar ka wahalar da kanka, ni da shi zan fara da kusan kowane rukuni.

Idan ɓangarori biyu ne da ke da jiƙaƙƙa za ka haɗa a ɗaki guda, ko yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, ko mutanen da suka ga tashin hankali da idonsu, Minecraft ne, in dai akwai na'urori da wanda zai tsaya ya koya. Tsadarsa ta biya kuɗin sabulu saboda shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin da ke sa su yi abu tare maimakon su kalli wahalar wani.

This War of Mine na manya ne da ba su san yaƙi ba, musamman masu saurin cewa a je a gwabza kawai, ɗaliban jami'a, matasan da ke zuga a intanet daga nesa. Bury Me My Love na rukunin da ke zancen hijira ne, ko masu kallon ɗan gudun hijira a matsayin nauyi, da sharaɗin suna iya karatun. PeaceMaker kuwa na bar shi ga ajin kimiyyar siyasa ko masu koyon sasanci da suka riga suka san tarihin rikicin, a buga ɓangarorin biyu duka, sannan a zauna a lissafa abin da ya canza daga 2007 zuwa yau.

Akwai rukuni na ƙarshe, waɗanda za su buga duka biyar su ce babu labarinmu a ciki. Su kam a ba su Twine ko Scratch, manhajojin haɗa gem, duka kyauta ne, su rubuta nasu. Lual Mayen ɗan Sudan ta Kudu a sansanin 'yan gudun hijira na arewacin Yuganda ya girma, mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana tara dala 300 ta saya masa laftof, ya koya wa kansa haɗa manhaja ya yi gem ɗin Salaam a kan zaman lafiya, a 2018 aka karrama shi a bikin The Game Awards. Wannan hanyar ta fi cin lokaci, makonni take so ba awa biyu ba, kuma tana buƙatar jagora mai haƙurin sauraron labaran da za su fito.